Daga Asuba Zuwa La'asar: Wane Wasa Ne Zai Nuna a Yini Guda?

Duk wanda ya tashi a Gumel ko Maigatari ya san abin da ke faruwa a zaurukan unguwa idan azumi ya kwana goma. Da an sha ruwa, yara biyar ko shida sai su kewaye fitila guda. Wannan ya zaro auduga daga tsohon matashin kai ya liƙa a haɓa, wancan ya cusa tsummoki a cikin riga ya yi tumbi, ƙaramin cikinsu ya kife gwangwani ya samo kara biyu. Babu takarda, babu biro, babu malami a kansu. Kafin a idar da asham sun gama rabon aiki: kai ne tsoho, kai ne mai magani, saura 'yan amshi. Sai su shiga gari gida-gida. Maganar da ba ta ba matan gidan farko dariya ba, kafin a kai gida na uku an jefar da ita an sa wata. Ran da tashe ya kwana uku wasan ya goge, kowa ya san inda zai shigo da inda zai yi shiru.

Abin da yaran nan suke yi cikin raha, a wasu ƙasashe an mai da shi gasa mai ƙa'ida. A birnin New York na Amurka aka fara wani shiri a 1995 mai suna The 24 Hour Plays, wato wasannin awa ashirin da huɗu. Marubuta da 'yan wasa da masu ba da umarni suna haɗuwa da dare, kowane ɗan wasa ya zo da wani kaya a hannunsa. Marubuta su kwana suna rubutu, da safe a raba takardu, a yini ana gwaji, dare na yi a fito gaban 'yan kallo. Galibi gajerun wasanni shida ne, kowanne kamar minti goma. Makarantu da jami'o'i da dama sun ɗauki wannan salo, domin ba ya cin kuɗi, kuma a yini ɗaya yakan fito da yaron da malamansa ba su taɓa sanin yana da baki ba.

To, a ce an kira irin wannan gasa a masarautar Gumel. Ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kowace ta turo ƙungiyoyin ɗalibai, mutum shida-shida. A yi ƙuri'a bayan sallar asuba, a fito dandamali bayan la'asar. Wane irin wasa ya kamata ƙungiya ta ɗauka?

Amsar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin abin da ke kayar da ƙungiya a irin wannan gasa galibi gardama ce. Mutum shida, kowa da labarinsa a ka, kowa na ganin nasa ya fi. Hantsi zai dubi ludayi ana musu a kan sunan tauraro, azahar ta yi ba a rubuta fitowa ta farko ba. Ƙungiyar da za ta tsira ita ce wadda ta zaɓi nau'in wasan da ya zo da ƙashin bayansa: wanda 'yan wasa da 'yan kallo duk sun riga sun san ta inda yake farawa, wa ke magana bayan wa, da inda yake dosa. Yaran tashe ba su ɓata dare suna neman zubi saboda zubin yana nan tun kaka da kakanni. Jatau mai magani ya san aikinsa, Mairama da Daudu sun san nasu. Ƙarfin yaran duka sai ya tafi wajen sabuwar magana da sabon motsi.

Da wannan ma'auni za a gane cewa abin da zuciyar matasa ta fi kwaɗayi shi ne ya fi haɗari. Ɗan Gumel idan aka ce ya yi wasa, tarihin masarauta ne zai fara faɗo masa: zamanin Ɗan Tanoma, gwabzawa da Haɗeja, gwabzawa da Damagaram, ƙasar da ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Tarihi ne abin alfahari, ya kuma cancanci dandamali. Amma yana son bincike, yana son fadawa da lifidi da tambari, sannan jikokin mutanen da ake kwaikwaya suna zaune a layin gaba, ba kuwa za su yafe kuskuren nasaba ba. Lokacin da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo, wanda aka buga a 1975, cikakken littafi suka samu a gabansu, suka zauna suka yi masa aikin natsuwa. Wasan tarihi na zangon karatu ne guda, a bar shi can.

Haka labarin soyayya irin na fim. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, ƙungiyoyin wasan daɓe suka yi ta komawa bayan kyamara, har aka samu matasan da ba su taɓa ganin wasa a dandamali ba. Idan suka zauna tsara labari, da idon kyamara suke tsarawa: ga falo, ga mota, ga lambu, ga rubutun "bayan shekara biyar". Filin makaranta ba ya yanka hoto. Duk sauyin wuri sai an ɗauke benci an kawo tabarma, 'yan kallo suna jira, minti goma kuwa ba ta da yawa.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne wasan faɗakarwa, domin kamar shi ne ya fi sauƙi, kuma malamai suna yaba shi. Kowa ya san fasalinsa. Maigida ya ƙi a yi wa ɗansa rigakafi, ko ya cire 'yarsa daga makaranta, masifa ta auku, sai wani mai farar riga ya shigo ya juya wa sauran 'yan wasa baya ya yi wa jama'a lacca. Tun minti na farko 'yan kallo sun san ƙarshen, saura jiran tafi. Niyyar kyakkyawa ce, matsalolin ma na gaskiya ne, sai dai mutumin da aka nuna masa kansa a matsayin jahili ba ya komawa gida da sabon tunani, da haushi yake komawa. Malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun koyi wannan darasi da kansu. A 1977, zamanin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, Michael Etherton da abokan aikinsa da ɗalibansu suka kai Wasan Manoma yankin Soba. Da tafiya ta yi tafiya, a ayyukan da suka biyo baya a wurare irin su Bomo, sai suka rage kai wa ƙauye gamammen saƙo, suka koma zama da manoma ana ƙirƙirar wasan tare, ana tsayawa a tsakiya a tambayi jama'a yadda za a ɓullo wa lamarin. Augusto Boal na ƙasar Brazil ya yi suna a duniya da irin wannan dabara ta mai da ɗan kallo ɗan wasa. Ƙungiyar da ke da awa takwas ba ta da lokacin yin wa'azi mai kyau, amma tana da lokacin kafa tambaya mai kyau.

Nau'in da ya fi kowanne iya kafa tambaya, kuma wanda mai wannan shafi zai ba kowace ƙungiya shawarar ta fara dubawa, shi ne wasan shari'a.

Dalilan a fili suke. Wuri ɗaya ne: ƙofar gidan Bulama, ko zauren hakimi, ko ɗakin alƙali. Kayan aiki kujera guda da tabarma. Zubin kuwa babu Bahaushen da bai san shi ba: mai ƙara ya faɗi, wanda ake ƙara ya mayar, a kira shaidu, a yanke hukunci. Ba sai an yi wa kowa bayanin wane ne wane ba. Da mutum ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce "Allah ya ja zamanin Bulama", an san inda aka dosa. Waɗanda suka ga zamanin Kuliya Manta Sabo a talabijin a Kano, inda Daudu Galadanci yake zaman alƙali, sun san yadda zaman shari'a guda yake riƙe mutane mako bayan mako ba su ƙosa ba, saboda kujerar ba ta sauyawa amma rigimar kullum sabuwa ce.

Babbar fa'idarsa ga aikin taro ita ce yana raba kansa da kansa. Mutum shida, matsayi shida: mai shari'a, mai ƙara, wanda ake ƙara, shaidu biyu, da ɗan aike ko muhuti. Da an amince a kan rigimar, kowa sai ya koma gefe ya tsara maganar bakinsa. Mai ƙara ba ya bukatar sanin duk abin da shaida zai faɗa. Rashin sanin ma ya fi, domin mamakin da zai bayyana a fuskarsa a gwajin farko na gaskiya ne. Gardamar da za ta wargaza ƙungiya sai ta koma cikin wasan ta zama abincinsa.

A ɗauki misali daga ƙasar Sule Tankarkar, lokacin kaka. Manomi ya kawo ƙarar makiyayi gaban Bulama: shanu sun shiga gonar wakensa da dare, saura mako biyu a yi roro. Ya zo da damin harawar da aka tattake ya zube a gaban jama'a. Makiyayin bai musa ba, amma ya ce gonar ta ci burtali. Shaida na farko ya goyi bayan manomi, na biyu ya ce shekara uku da suka wuce nan wurin hanya ce. Har nan labari ne da kowa ya saba ji, kuma 'yan kallo sun riga sun rabu gida biyu. Sai Bulama ya ce a biya ɓarna, ya tambayi makiyayi shanu nawa suka shiga.

"Ranka ya daɗe, uku ne. Amma wadda ta fara karya shingen ba tawa ba ce, kiwo aka ba ni."

"Ta wace ce?"

Makiyayi ya sunkuyar da kai, ya ɗan dubi mai ƙara. "Allah ya ba ka nasara, a tambayi uwargidansa."

Ashe matar manomin ce ta kwashi adashi ta sayi karsana ta ba Bafulatani kiwo, maigida bai sani ba. Nan take wasa ya juya. Wa zai biya wa? Me ya sa ta ɓoye masa? Shin da ya sani, da karsanar ta kai yau, ko da tuni an sayar an ƙara aure? Babu wanda ya yi lacca a kan zaman lafiyar manoma da makiyaya, amma duk wanda ke wurin ya ga yadda dukiyar gari da ta ruga suke cuɗe da juna, abin da kowa ya sani a ƙasar nan amma ba a cika faɗa ba idan rai ya ɓaci. Ƙungiya mai wayo za ta sa Bulama ya juyo ga 'yan kallo ya nemi shawararsu kafin ya yanke. Minti goma sun isa wannan, har da canji.

Kusa da shari'a a sauƙi akwai wasan kasuwa, kuma yankin da ke da Maigatari bai kamata ya nemi aron labari ba. Ranar Alhamis kara takan cika da shanu da raƙuma da tumaki da awaki, wasu daga Nijar, wasu daga nesa da nan, ga tireloli suna jiran lodi zuwa Kudu, ga 'yan canji da naira da sefa. Ciniki kansa wasan kwaikwayo ne mai matakai: a taya, a ce albarka, mai saye ya yi kamar zai tafi, dillali ya riƙo hannunsa, a ja mai kaya gefe a yi masa raɗa, a dawo, a sallama, a fitar da la'ada. Dillali kuma ɗan wasa ne tun fil azal, yana yi wa mai saye fuska ɗaya, mai sayarwa wata. Ba banza ba Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya sa wa ɗaya daga wasanninsa suna Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba.

Abin da ke sa wasan kasuwa ya yi armashi shi ne a ɗaura masa agogo. A tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo. An yi cinikin sa, an sallama. Mai saye ya ce ya tura kuɗi ta waya, ga shaida a allon wayarsa. Mai sa, dattijo daga ƙetaren iyaka, ba shi da asusu, na ɗan ɗan'uwansa aka bayar, alat kuma bai shigo ba. Direban tirela yana ta danna ham. Mai POS ya ce babu sabis. Dillali ya riga ya ci rabin la'adarsa a tsire. Igiyar san tana hannun mutum biyu, kowa ya ƙi saki, rana tana faɗuwa. Kayan wasan duka igiya ce guda da waya guda. San ma ba sai an gan shi ba, ya isa a ga igiyar tana fizga daga bayan labule. Babu mugu a labarin, kowa yana da gaskiyarsa, dariyar kuma daga nan take fitowa. Duk wanda ya shiga kasuwa a watannin nan zai ga kansa.

Daga nan sai barkwanci irin na tashe, mai tsayayyun taurari. Mutanen Italiya sun yi irinsa tun ƙarni na 16, inda 'yan wasa suke yawo gari-gari da sanannun halittu, tsohon attajiri marowaci, bara mai wayo, soja mai cika baki, ba su riƙe komai sai ɗan tsarin fitowa, magana kuwa a baki ake ƙirƙirar ta. Hausa ma tana da nata jerin: gwauro, boka, malamin tsibbu, baƙauye a birni, ɗan kama da ke kwaikwayon wa'azi alhali zancen tuwo yake. Usman Baba Pategi ya rayu shekaru a cikin kakin Samanja, Rabilu Musa ya rayu a cikin Ibro har rasuwarsa a 2014. Da sun fito, kafin su buɗe baki an fara dariya, domin an san halin. Ga kuma wasan da ke tsakanin al'ummu, wanda ya ba da lasisin tsokana ba tare da faɗa ba: Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, mutanen Gumel da na Haɗeja. A sa mutumin Gumel da Bahaɗeje a benci ɗaya a tasha suna jiran mota ta cika, rabin rubutu ya samu.

Sai dai wannan nau'i yana da ciwo biyu. Na farko, kowace ƙungiya tana da yaro guda mai ban dariya, kuma idan ba a yi hattara ba shi kaɗai zai haɗiye wasan, saura su zama 'yan rakiya, a tashi ba labari sai wargi. Maganinsa a ba shi bukata: yana son wani abu, wani ya tare masa hanya, dole ya samu kafin lokaci ya ƙure. Na biyu ya fi muni. Dariyar da aka gina a kan gurgu ko mai in'ina ko hausar wata ƙabila araha gare ta, kuma akwai yaro a cikin 'yan kallo da zai koma gida da ita a zuciya. Alƙalan gasa su rage maki a kan wannan ba tare da jin nauyi ba. Hausawa suna da tsokanar da ta fi wannan daraja. A wasan gauta matan fada ne suke kwaikwayon sarki da hakimansa, masu mulki suna kallon tafiyarsu da maganarsu a jikin wasu. A kalankuwa samari ne suke naɗa nasu sarakuna da alƙalai bayan an kawar da amfanin gona. Al'adar da ta yarda a kwaikwayi na sama ba ta da bukatar taka na ƙasa.

Akwai makarantun da iyaye ba za su so 'ya'yansu mata su tsaya gaban taron maza ba, kuma gasa ba ta da hurumin raina wannan. Wasan rediyo ya warware matsalar. Ba sutura, ba haddacewa, takarda tana hannu. Waya guda ta isa ɗauka, turmi da taɓarya da ƙyauren langa-langa su ba da sauti. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ta rediyo mutane suka fara jin su kafin su zama littattafai. A gasar gaggawa wannan ne ma nau'in da ya fi tilasta wa ɗalibi ya yi rubutu na gaske, tunda ba shi da gatsine ko tafiyar ban dariya da zai ɓuya a bayansu. Ɗaliban makarantar 'yan mata za su iya naɗar nasu a aji, a kunna a lasifika ranar gasa, a yi masa hukunci daidai da na kowa.

Wasan ban tausayi fa? Ana iyawa, amma shi ya fi wuya, kuma sharaɗinsa a matse shi har ya koma ɗaki guda. Yankin nan ya ga abubuwan da suka isa sa hawaye. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. Maigatari tana cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A Gagarawa an sha ce-ce-ku-ce a kan filayen da aka ware wa noman rake da batun diyya. Ƙungiyar da ta ce za ta kawo gwamnati da kamfani da jami'an iyaka dandamali a minti goma za ta ƙare da jawabin siyasa. Wadda ta kawo wa da ƙani a zauren mahaifinsu, ɗaya ya karɓi diyyar gonar gado, ɗaya ya ƙi, uwarsu tana jin su daga bayan zana, ita ce za ta sa wurin ya yi tsit. Ko kuma uwar da 'yarta take aure a ƙetaren iyaka, an aiko cewa ta haihu, ga kayan barka a ƙulle, ga hanya a rufe. Ƙungiyar da ba ta da 'yan wasa biyu masu iya riƙe shiru gara ta koma shari'a.

Wani zai ce duk wannan wasan yara ne, sauri ya haifi nawa, adabi ba a yin sa da gudu. Akwai gaskiya a ciki: ba wanda zai rubuta wasa irin Kulɓa Na Ɓarna tsakanin asuba da la'asar. Amma a leƙa maƙwabta. Janet Beik, wadda ta yi bincike a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar ta fitar da littafi a 1987, ta nuna yadda ƙungiyoyin can, musamman na Damagaram, suke aiki: a zauna tare a amince a kan labari da jerin fitowa, maganganu kuma su fito daga bakin 'yan wasa a wajen gwaji. Daga irin wannan makaranta su Yazi Dogo suka yi suna, kuma gasar matasa ta ƙasa da aka riƙa yi a zamanin Seyni Kountché ta ba ƙungiyoyin dalilin yin sabon wasa kowace shekara. Damagaram ba nisa gare ta da Maigatari ba, harshe ɗaya, barkwanci ɗaya. Abin da ya yi aiki a can babu dalilin da zai hana shi aiki a nan.

Inda gasar za ta ɗara tashe shi ne a wajen alƙalami. Wasan tashe yana mutuwa da ƙarewar azumi, a birane irin su Kano ma 'yan sanda sun sha hana shi a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari, wasan Damagaram da yawa sun tafi da waɗanda suka yi su. Saboda haka kowace ƙungiya ta naɗa magatakarda guda. Da safe ya rubuta ƙashin labarin a shafi ɗaya a miƙa wa alƙalai. A wajen gwaji ya riƙa kama maganganun da suka zauna. Bayan an sauka daga dandamali a ba ƙungiya mako guda ta kawo cikakken rubutu, da sunayen 'yan wasa da umarnin fitowa. Har yau idan aka ce rubutaccen wasan Hausa, sunayen da ke fara zuwa baki su ne Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Uwar Gulma, da Tabarmar Kunya, da na Maƙarfi, da na Umaru Ɗanjuma Katsina, dukkansu sun haura shekara arba'in. Ƙagaggun labarai sun yi yawa har sun cika kasuwa, fim ya yi yawa, rubutaccen wasa ne ya zama maraya. Gasa guda mai ƙungiya takwas tana nufin sababbin gajerun wasanni takwas a shekara, da Hausar Gumel, da rigingimun Gumel.

Tsarin ba shi da wuya, kuma ba sai an kwaikwayi kwanan zaune irin na New York ba. A nan ba wanda zai bar 'yarsa ta kwana a waje, wutar lantarki ma ba abin dogaro ba ce. Asabar guda a lokacin kaka ta isa, sa'ad da aka gama roron wake, hannu ya ɗan yi nauyi, hankali ya kwanta. Ƙarfe bakwai kowace ƙungiya ta faɗi nau'in wasan da ta zaɓa, shari'a ko kasuwa ko barkwanci ko rediyo, sannan a sa hannu a ƙwarya a ciro kayan da dole ya fito a wasan, igiya ko buta ko takalmi wari guda ko katin zaɓe. Ƙarfe goma a miƙa ƙashin labari. A yi gwaji zuwa azahar, a ci abinci, a sake gwaji. Bayan la'asar a fara, kafin magariba an watse. Alƙalai su dubi abu kaɗan: shin an gane rigimar a minti na farko, shin kowane ɗan ƙungiya ya yi aiki, shin wasan ya juya ta inda ba a zata ba.

Masu iya ɗaukar wannan nauyi suna nan. Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa tana cikin garin Gumel, kuma ɗalibanta masu nazarin Hausa su ne gobe za su tsaya gaban aji su koyar da wasan kwaikwayo. Bai kamata su fita ba su taɓa tsara ko fitowa ɗaya da hannunsu ba. Su za su zama masu kula da ƙungiyoyi, malamansu su zama alƙalai. Shugabannin makarantun sakandare na ƙananan hukumomin huɗu su ba da yara da fili. Masarauta ta sa albarka ta ba da kofi. Gidan rediyon jiha ya watsa wasanni uku da suka fi. Kuɗin da ake bukata bai wuce na abincin rana da man motar da za ta ɗauko ɗaliban Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari ba.

Malamin Hausa da ke karanta wannan shafi kuwa ba sai ya jira kowa ba. Ranar Litinin ya raba ajinsa shida-shida, ya ajiye kujera guda a gaban allo, ya ce wannan ta Bulama ce, ya ba su darasi biyu su kawo masa ƙara.